Idan Ido Ya Tsoma Baki A Zancen Ƙwaƙwalwa

Wata Hajiya 'yar asalin Katsina, wadda ta haura shekara talatin a Jidda, ta kawo jikarta ɗakin da nake aiki. Yarinyar ba ta wuce shekara tara ba. Likita ne ya turo su a yi mata abin da Larabawa ke kira takhɗiɗul mukh, wato awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ake rubutawa EEG a takardar asibiti. Da yake an san ina jin Hausa, duk wanda Larabci ya yi wa nauyi ni ake kirawo masa. Na gama manna wa yarinyar 'yan faya-fayan awo a kai, na kunna na'ura, layuka suka kama gudu a fuskar kwamfuta. Can sai layukan sama suka lotsa ƙasa kamar an taka su, suka dawo. Jim kaɗan suka sake. Hajiya ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Ɗana, wannan ramin fa? Ciwon ne?"

"A'a Hajiya, ido ta ƙifta."

Sai ta juya kan yarinyar: "Ke kishiya, tsayar da idon nan mana, kina ɓata wa mutane aiki!"

Na ce ta ƙyale ta. Amma tambayar Hajiya ba ta banza ba ce, don masana sun shafe fiye da shekara hamsin suna kokawa da ramin nan, kuma har gobe ba a gama ba.

Ido batir ne, kuma ba misali nake bugawa ba. Gabansa, wato tantanin nan mai kama da gilashi da ya lulluɓe baƙin ido, fozitif ne. Bayansa, inda haske ke sauka, negetif. Bajamushen masani Emil du Bois-Reymond ya gano haka tun tsakiyar ƙarni na 19. Ƙarfin batirin yana tsakanin maikrobolt 400 zuwa 1000, maikrobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Idan aka tuna batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, sai a ga ido ba komai ba ne. To amma a gwada shi da ƙwaƙwalwa. Kafin lantarkinta ya ratsa ruwan da ke kewaye da ita, ya ratsa ƙoƙon kai da fata, abin da ke isowa faifan awo bai cika wuce maikrobolt 10 zuwa 100 ba. Ƙanƙantar nan ce ta sa Hans Berger, likitan garin Jena na Jamus da ya fara auna na ɗan Adam a 1924, ya yi shekara biyar yana shakkar abin da ya gani kafin ya wallafa a 1929. Ko da ya wallafa ɗin ba a gaskata shi sosai ba sai da masanan Ingila Adrian da Matthews suka maimaita aikin a Kambirij a 1934.

Ga mai raɗa a cikin ɗaki, wato ƙwaƙwalwa, ga maroƙi a bakin ƙofa, wato ido. Faya-fayan da muke sawa a goshi, waɗanda tsarin jera faifai a kai mai suna 10-20, na 1958, ya raɗa wa suna Fp1 da Fp2, ɗan taƙi ne tsakaninsu da ido. Ƙiftawa ɗaya takan bar musu zane mai maikrobolt ɗari ko ɗaruruwa, ya tafi yana raguwa har tsakar kai. Mutum kuwa yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti. A nan Jidda, inda kwandishan ke busar da ido dare da rana, kada ka sa ran ƙasa da haka. Awon yau da kullum minti 20 ne zuwa 30, sai ka lissafa da kanka.

An daɗe ana koyar da mu cewa ƙwayar ido ce ke juyawa sama idan an ƙifta, sai kanta na fozitif ya fuskanci goshi. Wannan juyi gaskiya ne, da sunan likitan Sikotilan Charles Bell ake kiransa, amma ya fi faruwa idan an runtse ido ko an rufe shi ya jima. A ƙiftawar nan ta walƙiya ƙwayar ba ta wani motsa sosai. Fatar ido ce ke zamewa a kan tantanin gaba, ta zama kamar waya, ta kai cajin goshi. Bambancin yana da amfani, domin yana nufin ƙiftawa daban, ɗaga ido sama daban, ko da zanensu ya yi kama. Duban gefe kuma nasa salon daban ne: wanda ya kalli hagu, faifan F7 da ke gefen goshin hagu zai zama fozitif, F8 na dama ya zama negetif, layuka biyu su baje kamar an buɗe almakashi. Shi ya sa nake tambayar kowane dattijo ko idanunsa biyu nasa ne. Mai idon roba batir ɗaya gare shi, zanen zai karkata gefe guda, wanda bai sani ba ya ɗauka wani ɓangaren ƙwaƙwalwa ne ke da matsala.

To ta yaya ake fitar da maroƙin nan daga cikin zancen?

Hanya mafi tsufa ita ce a zubar. Duk inda ido ya yi kutse a yanke wurin a yar. Tana da gaskiya irin tata, don ba ta ƙirƙiro komai, sai dai zubar da shinkafa ne saboda tsakuwa. Ga babba mai natsuwa asarar kaɗan ce. Ga yaro, ko tsoho mai ruɗewa, ko marar lafiyar da idonsa ba ya zama wuri ɗaya, kana iya wayar gari ba ka da abin dafawa. Akwai kuma wata ɓarna a ɓoye: lokutan da mutum bai ƙifta ba su ne lokutan da ya fi tara hankali, saboda haka abin da ya rage a hannunka zaɓaɓɓe ne, bai wakilci mutumin duka ba.

Sai dabarar Hajiya, a ce wa mutum kada ya ƙifta. Ita ma masana sun yi ta shekara da shekaru. A 1991 Rolf Verleger, mai bincike a Jamus, ya nuna cewa wannan umarni kaɗai yana canza girman igiyar da ake kira P300, wadda ƙwaƙwalwa ke fitarwa kimanin kashi uku cikin goma na sakan bayan ta ji wani abu da ba ta zata ba. Dalilin a fili yake. Ka ba mutum aiki biyu, sauraro da gadin ido, hankalinsa ya rabu. Abin da ka je aunawa ka taɓa shi da hannunka.

Na ce sakan da gangan. A Hausar gida daƙiƙa ita ce sakan, a bakin mutanenmu na nan kuwa daƙiƙa minti ce kamar yadda Larabci ya ce, na kuwa sha ganin an yi saɓani a kan haka.

Ana kuma iya tankaɗe. Igiyoyin ƙwaƙwalwa suna da sauri daban-daban: delta ƙasa da zagaye 4 a sakan, tita 4 zuwa 8, alfa 8 zuwa 13, bita sama da haka. Na'ura tana da rariya, ka ce mata ta tare masu sauri kaza ta saki saura. Rariya tana aiki sarai a kan gunjin wutar lantarki, domin saurinsa ɗaya tak: zagaye 60 a sakan a Saudiyya, 50 a Sudan da Nijeriya. Abokin aiki da ya koyi sana'a a Khartum ko Kano, abin da ake fara tuna masa ke nan, ya mayar da rariyarsa kan 60. Amma rariya ba ta raba gari da yashi mai laushinsa. Yawancin ƙarfin ƙiftawa yana ƙasa da zagaye 4 ko 5, daidai unguwar delta da tita, igiyoyin da ke tona asirin rauni a ƙwaƙwalwa, ko ƙari, ko ruɗewar da ciwon hanta da na ƙoda ke jawowa. Ka tankaɗe ido, ka tankaɗe shaidar da likita ke nema.

Daga nan aka koma lissafi. A 1983 Gratton da Coles da Donchin na Jami'ar Ilinoi suka fito da hanyar da ta yi zamani mai tsawo. A sa faifai sama da ido da ƙasansa, da gefe da gefe, a auna lantarkin idon shi kaɗai. Sannan a lissafa kashi nawa na wannan ke isa kowane faifan kai. A ce kashi ɗaya cikin biyar ke kaiwa gaban kai, ɗaya cikin goma tsakiya, ɗaya cikin ashirin baya. Sai a ɗebe wannan kason daga kowane layi. Aikin mai awo ne a kasuwa: ya ɗora kwano fanko a sikeli, ya san nauyinsa, ya riƙa cirewa daga kowane awo.

Matsalar ita ce kwanon ba fanko ba ne. Faifan da ke kusa da ido shi ma a kai yake, kuma yana jin raɗar gaban ƙwaƙwalwa. Kamar mai awon ya auna kwanonsa da ragowar gero manne a ciki: daga ranar duk wanda ya kawo masa hatsi sai an tauye shi, kuma ba wanda zai lura, don sikeli bai yi ƙarya ba, lissafi ma daidai ne. Wurin da tauyewar ta fi yawa kuwa shi ne gaban kai, inda masu binciken tunani da yanke shawara suka fi zuba ido.

Hanyar da ta mamaye fagen yanzu ana kiranta ICA, ma'anarta rarrabe muryoyin da kowacce ke cin gashin kanta. A 1995 Anthony Bell da Terrence Sejnowski na Cibiyar Salk a Amurka suka wallafa wani lissafi na yin hakan, shekara guda bayan nan Scott Makeig da abokan aikinsa suka gwada shi a kan EEG, a 2000 kuma Tzyy-Ping Jung da su suka nuna yadda za a cire kutsen ido da shi. Bell biyu ke nan a tarihin ƙiftawa, ba kuwa dangin juna nake nufi ba. Manhajar EEGLAB da aka bayyana a 2004, wadda kyauta ce, ita ta kai dabarar hannun ɗalibai ko'ina a duniya.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauka walimar aure ce a wata istiraha, wato gidan biki na haya, a bayan gari, mutum huɗu suna magana lokaci guda: maroƙi a bakin ƙofa, liman yana addu'a, wani yana waya da Larabci, wata tana kiran yara da Hausa. Waya huɗu aka ajiye a kusurwa huɗu suna naɗa. Kowace ta ɗauki muryoyin duka, amma gwargwadon kusancinta da kowa: ta bakin ƙofa maroƙi ya cika ta, ta ciki liman. Na'ura ba ta san Hausa ba, ba ta san Larabci ba, ba ta san inda kowa ya tsaya ba. Abu guda ta riƙe, cewa tashin muryar liman ba ya bin tashin muryar maroƙi. Sai ta yi ta jujjuya naɗin huɗu, ta ƙara wannan ta rage wancan, har ta sami haɗi huɗu da babu wanda ke ba da labarin ɗan'uwansa. Idan ta dace, kowane haɗi muryar mutum ɗaya ce. Ka kashe ta maroƙi, ka sake gauraya sauran, ka sami walimar kamar bai zo ba.

A kan ƙiftawa dabarar tana ban mamaki, kuma ban ga laifin wanda ya yaba mata ba. Ido ba ya barin kwarminsa, lantarki yana isa faya-fayai duka nan take, ƙiftawa kuma ba ta kama da komai. Ka raba awo mai layi 64 zuwa murya 64, mafi yawan lokaci ta ido tana cikin na farko-farko, taswirarta ta taru a goshi, zanenta tsaunuka jefi-jefi. Ko ɗalibin da ya yi sati ɗaya zai nuna maka ita. Tun 2019 ma akwai wani ƙari a EEGLAB mai suna ICLabel da ke duba muryoyin ya ce wannan ido ce, wannan tsoka, wannan bugun zuciya.

Sai dai walimar tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami. Dole yawan wayoyi ya kai yawan masu magana. Awon asibiti faifai 19 ne a kai, da biyu a kunne, ƙwaƙwalwa kuwa masu magana a cikinta ba su ƙirguwa. Na'ura za ta cusa su duka cikin murya 19 ko suna so ko ba sa so, kuma ba abin da ya hana ɗan raɗar gaban kai ya maƙale a muryar da ka kira ta ido ka goge. Tana kuma son zance mai tsawo kafin ta gane kowa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ninka yawan layuka da kansa, a sake ninkawa aƙalla sau 20: layi 64 na bukatar ɗigon awo wajen 82,000, kimanin minti biyar da rabi idan na'ura na ɗauka sau 250 a sakan, kuma tsaftatacce. Idan faifai ya zame a tsakiyar awo, kamar an ɗauke waya an canza mata kusurwa ne, lissafin farko ya tashi. Wannan yakan same mu da masu kitso mai kauri ko waɗanda suka shafa mai a gashi, shi ya sa muke roƙo a wanke kai a zo da shi a bushe. Su kuwa 'yan na'urorin ɗaura wa goshi da ake tallatawa a intanet, masu faifai ɗaya zuwa huɗu, wai suna karanta natsuwarka, duk suna zaune ne a bakin ƙofar maroƙi, ba su da wayoyin da za su raba shi da kowa. Ni dai idan na ga ana nuna wani yana motsa abu "da tunani" da irinsu, idonsa da muƙamuƙinsa nake fara kallo.

Sharaɗin da ya fi ba ni tsoro shi ne na cin gashin kai. Wa ya ce ido da ƙwaƙwalwa ba sa bin juna? Ƙwaƙwalwa ce ke aika ido. Mutum yakan ƙifta idan ya kai ƙarshen jimla, ko ya gama yanke shawara, ko ya firgita. Mawaƙi ne da 'yan amshi: idan kullum tare suke ɗagawa, na'ura tana iya lissafa su murya guda, ko ta raba su a inda bai dace ba. Bayan haka kowace ƙiftawa tana yanke haske na ɗan lokaci, ɓangaren gani da ke ƙeya ya amsa. Wannan amsar ta ƙwaƙwalwa ce ta gaske, ba kutse ba, amma ido ne ya haife ta, kuma tana nan daram bayan an goge zanen goshi.

Akwai abin da ya faru a 2008 da ya kamata duk mai wannan sana'a ya riƙa tunawa. Shekaru masana suna ba da rahoton wata igiya mai sauri da ake kira gama, da ke tashi kashi biyu zuwa uku cikin goma na sakan bayan an nuna wa mutum hoto. An gina bayanai a kanta, cewa alama ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke harhaɗa sassan abu ya zama guda. Sai Shlomit Yuval-Greenberg da abokan aikinta suka haɗa awon da kyamarar bin ƙwayar ido, suka wallafa a mujallar Neuron cewa yawancin abin da ake gani a fatar kai a wannan lokaci tartsatsin tsokar ido ne. Ko mutum ya kafe ido a wuri ɗaya, ƙwayar tana 'yan zabura ƙanana, sau ɗaya ko biyu a sakan, waɗanda shi kansa bai san yana yi ba, kuma sukan yawaita daidai wannan lokacin bayan hoto ya bayyana. Irin waɗancan awon kuwa akan share su daga ƙiftawa. Ramin da Hajiya ta gani ba ya ruɗin kowa, don ƙato ne. Wanda ya ruɗi masana shi ne ɗan mitsitsin da ya yi shigar ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa a asibiti, saɓanin ɗakin bincike, likitocin farfaɗiya da yawa ba sa son a share musu komai. Sun fi son ɗanyen awo, su karanta ido da idonsu. Akwai wata igiyar delta mai zuwa jefi-jefi a gaban kai, alamar ƙwaƙwalwa ba ta jin daɗi, wadda karkarwar fatar ido ke kwaikwaya har ka rantse ita ce. Maganin ba manhaja ba ne, faifai ɗaya ne a ƙarƙashin ido. Idan ido ne, layin sama da na ƙasa za su saɓa, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, tunda batirin yana tsakaninsu. Idan ƙwaƙwalwa ce, tare za su tafi. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, inda masu karanta awon suka yi ƙaranci. Wanda aka laƙaba wa ciwon bisa kuskuren karatu zai yi shekaru yana shan magani, a hana shi tuƙi, wataƙila har zancen aure ya lalace, mun san yadda mutanenmu ke kallon farfaɗiya.

Kuma ido ɗan rahoto ne. Idan ya fara lilo a hankali daga gefe zuwa gefe, na san gyangyaɗi ya zo tun kafin mutum ya sani. Barcin mafarki ma ta motsin ido masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano shi a Chikago a 1953. Da a lokacin akwai manhajar da ke share ido da kanta, Allah kaɗai ya san yaushe za a gano shi.

Mu koma kan jikar Hajiya. Cikin tsarin awo akwai inda muke cewa a rufe ido, a buɗe, don mu ga alfa ta bayyana a ƙeya ta kuma ɓace. Na ce, "'Yata, rufe idonki." Ramin goshi ya faɗa kamar yadda aka saba. Amma kafin sakan ya cika sai ga tartsatsi masu kaifi sun cika layukan duka, hagu da dama, fatar idonta tana karkarwa, ƙwayar ta ɗan yi sama. Sakan biyu, ya wuce. Na sa ta maimaita, ya sake zuwa. Na danna alama, na rubuta a gefe: an rufe ido bisa umarni, fatar ido na karkarwa.

Faɗin sunan ciwo ba aikina ba ne, na likita ne. Amma akwai wani nau'in farfaɗiyar yara da likitan Ingila Peter Jeavons ya bayyana a 1977, wanda rufe ido a cikin haske ke tayar da shi, ya fi kama 'yan mata, kuma sau da yawa a gida ana ɗaukarsa ɗabi'a ce kawai. Da an bi awon nan da manhaja, mai yiwuwa tartsatsin ya tsira, amma ramin da ya gabace shi ya tafi, alhali jerin su biyun, wannan na bin wancan kowane karo, shi ne abin da likita zai karanta.

Ina goge wa yarinyar man manna faifai daga kai, Hajiya ta yi shiru tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ɗana, shekara guda ke nan ina yi mata faɗa a kan idon nan. Ce nake fari take mini don raini."

Na ce ta faɗa wa likita haka, da lokacin da abin ya fi zuwa, ko da safe ne, ko idan an fito rana. Ta ce idan an fito rana ne, musamman in sun taso daga masallaci da azahar. Na ƙara wannan a takardar, na nuna musu ƙofar da za su jira kira.